Tambaya da Amsa: Kangon Ganuwar Balaklava a Hotunan Yaƙin Kirimiya

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karo sun taru ne a kan tsofaffin hotunan yaƙin Kirimiya, musamman waɗanda ke nuna kangon wata ganuwa a kan dutse da jiragen ruwa cunkushe a gindinta. Mun haɗa masu kama da juna, wasu kuma mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani hoto mai launin ƙasa-ƙasa da aka ce na 1855 ne. Ga rusassun hasumiyoyi a kan tudu, ga jirage a ruwa, ga rumfuna da tantuna a bakin gaɓa. Ina ne wannan wuri, kuma yaƙin ne ya rusa ginin?
Daga wani malamin makaranta, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wurin Balaklava ne, a kudancin yankin Kirimiya, a gaɓar Bahar Aswad, kusa da birnin Sebastopol. Ginin da ka gani ganuwar Cembalo ce, kuma ta daɗe da zama kango kafin sojan Ingila ya taka wurin. Fataken birnin Jenowa na Italiya ne suka gina ta a ƙarni na 14 da na 15, lokacin da suke riƙe da kasuwancin wannan gaɓa daga babbar cibiyarsu ta Kaffa. Akwai rubutun dutse na 1357 da ke shaida aikin ginin. A 1433 mutanen masarautar Tiyodoro da ke maƙwabtaka suka ƙwace ta, a 1434 Jenowa ta aiko da rundunar ruwa ta karɓe abinta, sannan a 1475 Daular Usmaniyya ta cinye duk yankin. Daga baya amfaninta na soja ya ƙare, aka bar ta tana zubewa. Rasha ta haɗe Kirimiya da ƙasarta a 1783.

Abin da ya kawo Turawan Ingila gindinta shi ne tashar. Mashigin ruwan siriri ne, a lanƙwashe, tsawonsa ya ɗan zarce kilomita ɗaya, duwatsu sun kewaye shi har mai tafiya a teku bai cika gane akwai shi ba. Ingila da Faransa sun shiga yaƙin a watan Maris 1854 a ɓangaren Daular Usmaniyya don yaƙar Rasha, suka sauka Kirimiya a Satumba. A ƙarshen wannan wata sojan Ingila suka iso Balaklava. Wata 'yar rundunar Girkawan garin da ke yi wa Rasha aiki ta ɗan yi harbi daga cikin kangon, sannan ta miƙa wuya. Daga ranar duk abincin sojan Ingila da harsashi da dawaki da magani ta wannan ƙaramar tasha suke shigowa. Shi ya sa ka ga jirage sun jeru gefe da gefe babu masaka tsinke.

Mafi shaharar waɗannan hotuna na Roger Fenton ne, lauya kuma mai zane ɗan Ingila, wanda kamfanin Thomas Agnew na Mancesta ya ɗauki nauyin tafiyarsa don ya buga hotunan ya sayar. Ya iso Balaklava ranar 8 ga Maris 1855, ya bar Kirimiya a ƙarshen Yuni da kwalara a jikinsa da hotuna kimanin 360. Ya zo da kyamarori 5, allunan gilashi kusan 700 waɗanda a kansu ake ɗaukar hoton, manyan akwatuna 36, da keken doki mai rufi wanda a da na wani mai sayar da giya ne, aka mai da shi ɗakin wankin hoto da wurin kwana. Mataimakinsa shi ne Marcus Sparling.

Tambaya: An ce hoton yaƙi ne, amma ban ga ana faɗa ba. Sama fari fat babu gajimare, ruwa kamar an goge shi, mutanen ma wasu sai inuwarsu. Gyara aka yi wa hoton?
Daga wata ɗalibar koyon aikin jarida, Kano

Amsa: Malama, kin lura da abubuwan da ya kamata a lura da su, kuma kowannensu yana da dalilinsa a cikin sinadarin da aka yi aiki da shi.

Na farko lokaci ne. Kyamarar ba ta da abin da ke buɗewa ya rufe a ƙiftawar ido. Mai hoto yakan cire murfin idon kyamara da hannu, ya ƙirga, ya mayar. Hotunan Fenton sun ɗauki daƙiƙa 3 zuwa 20 gwargwadon haske da irin idon da ya sa. Hoton fili mai nisa irin na tashar shi ya fi cin lokaci, domin ana tsuke ƙofar haske a sami kaifi daga gaba har baya. To duk abin da ya motsa cikin waɗannan daƙiƙoƙi ya ɓaci. Mai tafiya da sauri ba ya fitowa sam. Wanda ya tsaya daƙiƙa huɗu sannan ya wuce yakan bar wata inuwa da ake hango bangon da ke bayansa ta cikinta. Igiyar ruwa takan narke ta zama shimfiɗa guda. Tuta takan zama hayaƙi a kan sanda. Manyan jiragen da aka ɗaure gaba da baya a tashar da iska ba ta shiga sukan fito tsaf har da igiyoyinsu, amma ƙaramin kwalekwalen da ke lilo a gefensu ya dushe. Ganuwar kuwa ba ta motsi, don haka ita ce ta fi komai fitowa da kaifi a hoton.

Na biyu launi ne. Gilashin yana jin shuɗin haske da wanda ya wuce shuɗi wanda ido ba ya gani, yana jin kore kaɗan, amma ja da rawaya kusan duhu ne a wurinsa. Sama cike take da shuɗin haske, saboda haka kafin dutse ya samu hasken da yake buƙata ita ta riga ta sha fiye da ƙima, gajimare da sarari sun haɗe sun zama fari ɗaya. Wannan dalili ne ya sa jar rigar sojan Ingila take fitowa baƙa, fuskar da rana ta ƙona ta yi duhu, dutsen da ke da jaja-jaja ko ruwan ƙasa ya fi yadda ido ke ganinsa duhu. Tsaunin da ke nesa kuma yakan yi fari-fari ya rasa ƙarfi, domin hazon da ke tsakani shuɗin haske yake watsawa. Wasu masu hoto na zamanin sukan shafe sama da baƙin fenti a kan gilashin in ta fito da dabbare-dabbare. Ana gane hakan in aka duba inda tsauni ya haɗu da sama, aka ga layin ya yi kaifin da bai dace da sauran hoton ba.

Sai dai batun rashin gawa a hotunan daban ne, kuma nan ne ake yawan kuskure. Gawa ba ta motsi, kyamara za ta iya ɗaukarta. Fenton ya ga matattu da idonsa, ya ambace su a wasiƙunsa, bai ɗauka ba. Ya zo da takardun gabatarwa daga gidan sarautar Ingila, kuma masu sayen hotunan iyalan hafsoshi ne da masu hali da za su ajiye su a falo. Ga shi kuma ya iso bayan mummunan hunturun da ya kashe sojoji da yunwa da sanyi da cuta ya wuce. Hujjar cewa zaɓi ne ita ce Felice Beato, wanda shi ma ya yi aiki a Kirimiya, ya ɗauki gawarwaki a ganuwar Taku ta ƙasar Sin a 1860 da kayan aikin wancan zamani. A ganinmu duk mai koyar da tarihin aikin jarida ya kamata ya raba waɗannan biyu wa ɗalibansa: rashin hoton gumurzu gazawar kayan aiki ce, rashin hoton matattu kuwa shawarar mutum ce.

Tambaya: Ni mai ɗaukar hoto ne tun zamanin fim. Ina so a yi mini bayani dalla-dalla yadda ake yin hoto a kan gilashi, da abin da ya sa dole sai an ja ɗakin wanki zuwa filin daga.
Daga wani mai shagon hoto, Damagaram

Amsa: Maigida, tun da ka san wankin fim rabin bayanin yana hannunka. Bambancin shi ne kai fim ɗinka daga masana'anta yake zuwa a shirye, su kuwa da hannunsu suke haɗa nasu, hoto ɗaya bayan ɗaya, kuma dole a gama komai kafin ya bushe. Frederick Scott Archer ne ya wallafa hanyar a 1851, ana kiranta jiƙaƙƙen kolodiyon.

Ana farawa da gilashi. A goge bakinsa da dutsen wasa don kada ya yanki hannu, kuma don rufin ya sami abin kamawa. A wanke fuskarsa da garin alli da aka dama da alkohol, a goge da tsumma mai tsabta har sai in an hura masa numfashi tururin ya kwanta bai ɗaya ya tashi bai ɗaya. In akwai sauran maiƙo ko shatin yatsa, rufin zai ɓare a wajen wanki. A share ƙura da buroshi mai laushi dab da zubawa.

Kolodiyon kansa auduga ce da aka sarrafa da asid, aka narkar da ita cikin sinadarin eta da alkohol, kimanin giram 1 zuwa 2 a kowace mililita 100, aka ƙara gishirin aidin kimanin giram 1, wani lokaci da ɗan buromaid. Kaurinsa kamar tsinkakkiyar zuma. A riƙe gilashin a kwance ta kusurwa ɗaya, a zuba a tsakiya har ya rufe kamar rabin fuskar, a karkata shi ya bi kusurwa ta farko, ta biyu, ta uku, a tsiyaye ragowar cikin kwalba ta kusurwa ta huɗu. Yayin tsiyayewa a riƙa girgiza gilashin hagu da dama. In ba a yi haka ba sai ya daskare da layuka a karkace, kuma za su fito a kowane bugu. Kada ruwan ya koma inda ya riga ya wuce, domin wurin zai yi kauri biyu. A jira daƙiƙa 15 zuwa 30, a taɓa kusurwar da aka tsiyaye: in yatsa ya bar shati amma bai jiƙe ba, ya yi.

Daga nan sai duhu, ko hasken da ya ratso gilashi mai launin rawaya ko ja. A ɗora allon a kan maɗauki, a nutsa shi a tsaye cikin kwamin ruwan azurfa, wato naitiret ɗin azurfa giram 7 zuwa 9 a mililita 100 na tataccen ruwa. A nutsa shi a tafiya ɗaya. In hannu ya tsaya ko da rabin daƙiƙa ne, layi zai ratsa hoton daidai inda ruwan ya tsaya. Minti 3 zuwa 4 yake yi a ciki. A nan ne aidin ke haɗuwa da azurfa su zama abin da ke jin haske, allon ya koma launin madara. Alamar ya nuna ita ce in an ɗago shi ruwan ya gangara sumul, babu jijiya-jijiyar maiƙo. A tsane shi, a goge bayansa, a sa shi a akwatin ɗauka, wanda ake zurawa cikin kyamara, a rufe.

Kafin duk wannan an riga an kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, an shiga ƙarƙashin baƙin mayafi an daidaita hoton a kan gilashin dubawa, inda yake fitowa kai a ƙasa. Ba a barin wannan sai allo ya jiƙe, lokaci ba zai isa ba. A zura akwatin, a zare marfinsa, a cire murfin ido, a ƙirga, a mayar, a koma da sauri.

Wanki a hannu ake yi, ba a faranti ba. Masu hoto na Ingila a shekarun 1850 sun fi amfani da asid ɗin fairogalik, kimanin giram 1 a mililita 300 zuwa 400 na ruwa, da ɗan asid ɗin asetik don ya rage masa gaggawa. Daga baya salfet ɗin ƙarfe ya fi yaɗuwa. A kwarara ruwan daga gefe ɗaya ya share fuskar gaba ɗaya a tashi guda, kuma a yi da ɗan kaɗan. In an zuba da yawa zai kwashe ruwan azurfar da ke saman allon, alhali da shi ake gina hoton, sai nagatif ya fito fayau babu ƙarfi. In an zuba a wuri guda da ƙarfi, wurin zai yi tabo. Inda ruwan bai kai ba kuwa tsibiri ne babu hoto. In hoton ya fito yadda ake so sai a tsayar da shi da ruwa, a sa shi a haipo, sinadarin da ke tabbatar da hoton don kada haske ya ɓata shi, giram 20 a mililita 100, har launin madarar ya washe, a ƙara masa kwatankwacin wannan lokaci. A wanke sosai, a busar a kan 'yar fitila, sannan a shafe da banish na ƙaron sandarak da man labanda, a kan gilashi mai ɗumin da hannu zai iya jurewa. In gilashin ya yi sanyi banish ɗin zai bushe da hazo. In an bar shi babu banish, azurfar za ta yi tsatsa, takardar bugu kuma za ta kankare ta.

Daga zuba kolodiyon zuwa ƙarshen wanki minti 10 zuwa 15 ne kawai a yanayi mai sanyi. Da zarar ya fara bushewa, ruwan azurfar da ke samansa yakan yi ƙarfi ya fara cin rufin, ya bar ƙananan huji da zane-zane, kuma busasshen wuri ba ya shan ruwan wanki. Wannan ne amsar tambayarka ta biyu. Nisan kyamara da ɗakin wanki ba zai wuce tafiyar 'yan mintuna ba. Duk inda ka ga an tsaya aka ɗauki ganuwar Balaklava, to keken ko tantin wanki yana kusa. Shi ya sa yawancin hotunan daga bakin gaɓa ne, ko kan hanya, ko gangaren da doki zai iya hawa da kaya.

Akwai kuma batun rana. Bakin tashar yana kudu, ganuwar tana gefen gabas na bakin. Wanda ya tsaya a ƙuryar tashar ta arewa yana kallon ganuwar da tsakar rana, rana yake fuskanta, sai hasumiyoyin su fito baƙaƙe babu shatin dutse. Mai son jerin duwatsun ginin ya fito sai ya jira hasken da ke zuwa daga gefe, ko ya tsallaka gaɓar yamma bayan azahar.

Tambaya: Shin Fenton ne mutum na farko da ya ɗauki hoton yaƙi?
Daga wani mai karatu, Kumasi

Amsa: A'a, ɗan'uwa. An ɗauki 'yan hotuna a kan farantin azurfa a yaƙin Amurka da Meziko na 1846 zuwa 1848. A wannan yaƙi na Kirimiya ma Carol Szathmari na Bukares ya riga shi, ya ɗauki sojojin ɓangarorin biyu a yankin kogin Danub a 1854. Gwamnatin Ingila kuma ta aika Richard Nicklin da sojoji biyu masu taimaka masa a 1854, amma guguwar 14 ga Nuwamba ta wannan shekara ta nutsar da jirgin da suke ciki, Rip Van Winkle, a wajen tashar Balaklava, suka halaka da su da kayan aikinsu. A guguwar ce jirgin Prince ya nutse da kayan sanyin sojoji. Jiragen suna tsaye ne a waje, ƙarƙashin duwatsun da ganuwar take kai. Abin da Fenton ya fi sauran da shi shi ne yawan aikin da kuma cewa ya tsira har ya iso gare mu.

Tambaya: Tun da nagatif ɗin gilashi ne, yaya aka yi hoton ya koma takarda, kuma yaya jaridu suka buga shi?
Daga wata ma'aikaciyar ɗakin karatu, Sakkwato

Amsa: Hajiya, ba a faɗaɗa hoto a lokacin. Girman gilashi shi ne girman bugu, shi ya sa Fenton ya ɗauki alluna masu girma iri uku, kuma manyan hotunansa sun kai wajen santimita 28 da 36. Bugun da aka sayar a takardar gishiri aka yi shi. A jiƙa takarda mai kyau da ruwan gishiri, giram 2 a mililita 100, a busar. A shafa mata ruwan azurfa mai ƙarfi, wajen giram 12 a mililita 100, a busar a duhu. A kwantar da gilashin a kanta cikin firam mai marfin baya da ke buɗewa rabi, a kai rana. Hasken kaɗai ne ke fito da hoton, babu ruwan wanki. Yakan ɗauki minti 10 zuwa rabin awa, ana buɗe rabin marfin a inuwa ana leƙawa. A bar shi ya fi yadda ake so duhu, domin haipo zai rage shi. Sai a ɗauraye, a sa a ruwan zinariya in ana son launi mai ɗorewa, a sa a haipo, a yi ta wankewa.

Wannan wanki na ƙarshe shi ne inda aka fi yin sakaci. Hotuna sun riƙa dushewa har ƙungiyar masu hoto ta Landan, wadda Fenton na cikin waɗanda suka kafa ta a 1853, ta naɗa kwamiti a 1855 ya binciki dalili. Abin da aka gano shi ne ragowar haipo a takarda, da sinadarin farar wuta a iska, da laima. Shi ya sa yau za ki ga bugu biyu na hoto ɗaya, wannan da ƙarfinsa, wancan ya koma rawaya gefensa ya shuɗe.

Jaridu kuwa ba su da hanyar buga hoto kai tsaye sai wajen shekarun 1880. Mai zane ne yake kwafar hoton a kan katako, mai sassaƙa ya sassaƙa, a buga da tawada. Haka jaridar Illustrated London News ta yi da wasu hotunan Fenton. A wajen kwafar ana ƙara gajimare, a mayar da mutanen da suka dushe, don haka zanen jarida ba shaida ba ne a kan abin da ke cikin hoton asali. An baje hotuna 312 a Landan a Satumba 1855, amma a wannan watan Sebastopol ta faɗi, yaƙin ya ƙare da yarjejeniyar Faris a Maris 1856, kasuwar hotunan ta mutu, aka yi gwanjon ragowar.

Tambaya: Ina sha'awar gwada wannan hanya a nan gida. Zafinmu zai bari?
Daga wani matashi mai koyon hoto, Maiduguri

Amsa: Zai bari in ka bi shi da dabara, ɗan'uwa, amma ka san cewa zafin Kirimiya na watan Yuni ma ya tilasta wa Fenton daina aiki tun da hantsi, ga ƙura ga ƙudaje a cikin keken. Sinadarin eta yana tafasa a digiri 35, wanda a wurinku zafin inuwa ne na yau da kullum a bazara. A irin wannan yanayi kolodiyon yakan daskare kafin ya kai kusurwa ta uku, mintuna 15 ɗin nan su koma 5 ko ƙasa. Lokacin hunturu zafi ya sauka, amma bushewar iska da ƙura su ne abokan gaba: kowane ƙwayar ƙura da ya faɗa kan jiƙaƙƙen allo yakan bar ɗigo mai wutsiya.

Ka yi aiki daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara. Ka fara da ƙaramin gilashi, santimita 10 da 13. Ka ƙara wa kolodiyon ɗan alkohol don ya rage saurin bushewa, kuma ka riƙa ƙarawa domin kwalbar tana yin kauri duk lokacin da aka buɗe ta. Ka ajiye kwamin azurfa da kwalbar ruwan wanki cikin roba mai ruwan sanyi, su tsaya wajen digiri 20. Ruwan wanki mai zafi yana sa hazo ya rufe hoton gaba ɗaya, maganinsa sanyi da ƙarin asid ɗin asetik kaɗan. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin ka fara don ƙura ta kwanta, ka lulluɓe akwatin ɗauka da jiƙaƙƙen tawul in za ka fita da shi. Ka goge cikin akwatin bayan kowane hoto, domin ruwan azurfar da ya taru a kusurwa yakan koma kan allo ya bar tabo mai zobe-zobe a gefe.

Ruwan rijiya ko na famfo ba ya haɗa ruwan azurfa. Gishirin da ke cikinsa zai mai da shi fari nan take, ka yi asarar azurfa mai tsada. Tataccen ruwa kawai. Sabon ruwan azurfa kuma sai an bar allo ɗaya mai kolodiyon ya kwana a ciki, in ba haka ba zai riƙa cin rufin allunan farko. In ya tsufa ya fara kawo hazo, a zuba shi a kwalba mai faɗin baki a ajiye a rana kwana ɗaya ko biyu, dattin ya kwanta baƙi, a tace.

Muna roƙonka kada ka fara kai kaɗai ba tare da wanda ya san sinadarai ba. Tururin eta ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske murhu ko janareta ya kama wuta, kuma ba a ajiye shi a firjin gida. Ɗigon ruwan azurfa a ido yana iya makantarwa, saboda haka tabarau da safar hannu dole ne. Tsofaffin littattafai suna ambatar sayanaid a madadin haipo. Kada ka kusance shi, guba ne mai kisa, kuma in ya haɗu da asid ɗin da ke cikin ruwan wanki yana fitar da iskar da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki. Haipo ya isa.

Tambaya: Na ga hotunan ganuwar iri-iri, wasu an ce na Fenton, wasu na Robertson. Yaya ake bambancewa, kuma ina ake samun na gaskiya?
Daga wani ɗalibin tarihi, Garwa

Amsa: James Robertson ɗan Birtaniya ne mai sassaƙa hatimin kuɗi a gidan buga kuɗin Daular Usmaniyya a Istanbul. Yawancin aikinsa na Kirimiya, shi da Felice Beato, ya zo ne bayan tafiyar Fenton, daga rabin ƙarshe na 1855 zuwa 1856. Don haka duk hoton da ke nuna cikin Sebastopol bayan faɗuwarta, ko rusassun sansanonin Rasha na Redan da Malakof, ba na Fenton ba ne, ya riga ya koma gida.

A hotunan Balaklava kuwa gindin dutsen za ka duba, ba samansa ba, domin ganuwar ba ta canja ba tsakanin su biyun. An fara shimfiɗa layin dogo daga tashar zuwa sansanin sojoji a Fabrairu 1855, don haka a hotunan Fenton za ka ga aikin yana sabo, katako da ƙarafa da kaya a zube a bakin ruwa. A na baya gaɓar ta fi tsari, rumfunan katako sun yawaita sun hau gangare. Sannan ka duba kwalin da aka manna hoton a kai. Bugun Fenton na asali yana ɗauke da sunansa da na kamfanin Agnew da ranar wallafa, tsakanin ƙarshen 1855 da farkon 1856. Robertson kuma sau da yawa yakan rubuta sunansa a jikin nagatif, sai ya fito a kusurwar ƙasa ta hoton kansa.

Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sayi bugu 263 na Fenton a 1944 daga hannun wata 'yar danginsa, kuma ya sa su a intanet kyauta. Tarin gidan sarautar Ingila ma yana da su da yawa. Ka sauke mafi girman kwafin da aka bayar, wanda ke nuna har gefen takarda da kwalin, domin kwafin da ke yawo a Facebook an yanke gefensa, an ƙara masa baƙi da fari, wani ma an shafa masa launi da kwamfuta.

In za ka gwada hoton da yadda wurin yake yau, ka yi la'akari da cewa ganuwar ta sha luguden wuta a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma wani babban ɓangare na hasumiyar da ke ƙololuwa ya rufta a 2008. Saboda haka hotunan 1855 da 1856 suna nuna bango da tsayin hasumiya da babu su yanzu. Ka fara daidaita layin dutsen da bakin ruwa a hotunan biyu, ka tabbatar daga gefe ɗaya aka ɗauke su, kafin ka ƙirga abin da ya zube.